Ƙidayar Itatuwa: Daga Sama ko da Ƙafa?

Masanin muhalli da ke son sanin ko itatuwa na ƙaruwa a gonakin Maraɗi da Damagaram yana da hanya biyu: ya duba hoton tauraron ɗan'adam, ko ya shiga gona da ƙafarsa.

Hoton sama akwai faɗin gani da dogon tarihi. Tun 1972 tauraron ɗan'adam mai suna Landsat ke ɗaukar hoton duniya, ana iya jera na da da na yanzu a ga bambanci. Sai dai ɗigo ɗaya a hotonsa faɗin mita 30 ne, gawo guda a tsakiyar gero kan ɓace a ciki.

Mai ƙafa kuwa yakan shata fili da igiya, ya ƙirga kowane tsiro, ya auna kaurin gindi, ya bambance gawo da kalgo da aduwa. Shi ke ganin toho a jikin tsohon kututture, ya ji daga bakin manomi dalilin barinsa. Sai dai ga rana ga kashe kuɗi, kuma gonaki kaɗan yake iya zagawa.

Ni na fi yarda da mai ƙafa, ko da yake farfaɗowar itatuwan kudancin Nijar, wajen hekta miliyan 5, sai da aka haɗa zagayen gonaki da hotunan sama masu kaifi aka gane girmanta.