Kasuwar kifin Split da miyar brudet: abin da ya bambanta da namu

Jama'ar gida, masu tambaya ko ana samun kifi mai kyau a Kuroshiya, amsar ita ce a bakin teku akwai shi har ya yi yawa, sai dai sayensa da dafa shi ba irin namu ba ne. A birnin Split kasuwar kifin tana kan titin Marmont, ana ce mata Peškarija, kuma da sassafe take ci, kafin azahar an fara wanke tebura. Ba a kasa kifi kashi-kashi kamar a Yawuri ko Baga. Komai da kilo ne, da sunan kifin da farashinsa a rubuce, kuma tun 1 ga Janairun 2023 da yuro ake biya. Ciniki kusan babu, sai dab da tashi ne masu sayarwa ke sassautawa. Ƙuda ma da wuya ka gani, mutanen garin suna danganta hakan da warin ruwan farar wuta da ke ɓuɓɓugowa kusa da wurin. A tsafta da awo sun fi mu, wannan ba gardama. Amma banda irin tamu, wadda ta sha hayaƙi ta bushe ƙayau, kada ma ka wahalar da kanka nema.

Iska ce ke yanke farashi. Idan bura ta taso daga kan duwatsu, ko jugo daga kudu, jiragen masunta ba sa fita, washegari sai ka tarar da kifin kiwo kawai, wato orada da brancin. Waɗannan suna da kyau a gashi, amma romonsu salam yake, ba sa yin brudet.

Brudet ita ce miyar kifin mutanen Dalmatiya, yankin bakin tekun da Split yake ciki, da tsibiranta, har zuwa yankin Istiriya da ke arewa. Asalinta abincin masunta ce, ana yin ta da ragowar kamun da bai sayu ba, shi ya sa ba a yin ta da kifi iri ɗaya. Aƙalla iri uku ake so. Škarpina, jan kifi mai ƙaton kai da ƙayoyi masu dafi a gadon baya, shi ke ba da ɗanɗano, kuma yana cikin masu tsada. Ugor, dogo kamar maciji, shi ke sa romo ya yi danƙo. Grdobina, mummuna mai faɗin baki, namansa ba ya dagargajewa. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi ƙananan škarpina, ya haɗa da kokot ko cipal. In za ka sayi ugor, ka ce a yanko maka daga bayan kai zuwa ciki, domin ɓangaren wutsiya cike yake da ƙananan ƙayoyi da ba sa tsintuwa. Ka kuma sa mai sayarwa ya datse ƙayoyin škarpina da almakashi, sukarsu tana kumbura hannu ko kifin ya mutu.

Ga mutum huɗu ko biyar: kifi kilo ɗaya da rabi, manyan albasa uku, man zaitun mililita 100, tafarnuwa ƙwaya huɗu, tumatir gram 400, khal cokali uku, ganyen lovor (bay leaf) biyu, faski (parsley), gishiri da baƙin barkono. A yanka kifin manya-manya, kaurin yatsa uku, a bar kawunan amma a cire jan abin nan na cikin kunnensu, shi ke kawo ɗaci. A barbaɗa gishiri a ajiye rabin awa.

Tukunya mai faɗi marar zurfi ake so, yadda kifin zai kwanta layi ɗaya. A soya albasa a wuta kaɗan na kamar minti ashirin har ta narke ta yi ruwan zuma. Nan ne masu gaggawa ke ɓata miyar. Ba a sa gari ko wani abin kauri, albasar nan da danƙon kai da fata su ne kaurin, don haka albasar da ba ta narke ba tana barin romo tsararo, wadda ta ƙone kuma ɗacinta ba ya gyaruwa. A zuba tafarnuwa da faski minti ɗaya, sai tumatir ya ɗan soyu. A jera kawuna da ugor da grdobina a ƙasa, a zuba khal, a ƙara ruwa daidai ya shafe kifin, kada ya wuce. Kifi mai laushi ya jira minti goma kafin ya shiga. Daga nan minti talatin zuwa arba'in a matsakaiciyar wuta, murfi a buɗe ko a karkace.

Sai babbar doka: ludayi ba ya shiga tukunyar. Mu da muka saba juya miya, hannu zai yi ta ƙaiƙayi, amma juyi ɗaya ya isa ya farfasa kifin, ƙaya ta watsu cikin romo. Kunnuwan tukunyar ake kamawa a girgiza ta hagu da dama duk bayan 'yan mintoci don kada ta kama. Idan an sauke a bar ta ta huta minti goma sha biyar.

Da palenta ake ci, a Dalmatiya suna ce mata pura. Tuwon masara ne na jar masara mai tsaki-tsaki, gari kofi ɗaya ga ruwa kofi huɗu, a zuba a hankali ana tuƙawa don kada ya yi gudaji. Ya fi namu ruwa, kuma da gishiri a ciki. Yaji kuwa kusan babu a miyar, in ban da ta kwarin kogin Neretva wajen Metković da Opuzen, inda suke sa barkono sosai, su haɗa da kifin jegulja, shi ma dogo kamar maciji, da kwaɗi. Ta tsibirin Hvar, gregada, fara ce, da dankalin turawa, ba tumatir.

A gidajen abincin da suke kira konoba a yi hattara da abu biyu. Yawancin masu dafa brudet suna zuba giyar inabi, don haka Musulmi ya tambaya tun kafin ya zauna, ko ya yi waya tun da wuri a dafa masa tasa da khal kaɗai. Sannan farashin manyan kifaye a takardar abinci sau da yawa na kilo ne, ba na faranti ba, sai ka sa a auna a gabanka.

Mai son gwadawa a gida ya sa giwan ruwa a madadin grdobina, kan tarwada ya ba da danƙon, karfasa ta shiga daga baya. Kifin ruwan daɗi ya fi ƙarni, sai a wanke shi da lemun tsami, a ƙara khal cokali ɗaya. Man ja zai danne ɗanɗanon gaba ɗaya, in babu man zaitun gara man gyaɗa.