Clor-D-Tect 1000: kayan gwajin baƙin mai kafin a zuƙe shi cikin tanka

Duk mai sana'ar kwasar tsohon baƙin mai a Amurka yana da lamba ɗaya da ba ta fita daga kansa: 1,000. Dokar da hukumar kare muhalli ta EPA ta fitar a 1992, wato sashe na 279 na kundin dokokinta, ta ce idan sinadaran dangin kulorin suka wuce kashi 1,000 cikin miliyan a mai, to a ɗauka an gauraya shi da shara mai haɗari har sai an kawo hujjar akasin haka. An ɗora wa mai jigila nauyin ya tantance wane ɓangaren lambar mansa ya faɗa, ya kuma ajiye shaidar tsawon shekara 3. Wannan gurbi ne kamfanin Dexsil ya cike da Clor-D-Tect 1000, ɗan kwalin da ake amfani da shi sau ɗaya a yar.

Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: kwalaben roba biyu, sirinjin ɗaukar samfuri, mazurari mai matata, sai 'yan ƙananan gilasai a rufe cikin kwalaben. Za ka ja mai da sirinji, ka goge jikinsa tas, ka zuba a kwalba ta farko. Ka matse robar ta waje gilashin farko ya fashe, ka girgiza, sannan ka fasa mai ruwan toka. Wannan shi ne sodiyam, kuma aikinsa ya ɓanɓaro kulorin daga jikin man. Bayan kamar minti 1 sai ka juye ruwan kwalba ta biyu a kai, ka girgiza, ka sassauta murfi iska ta fita, ka kife kwalbar minti 2 har mai da ruwa su rabu. Mililita 5 na ruwan ake tacewa a mayar kwalba ta biyu, a fasa gilashin zaiba da na launi. In ya zama shunayya, man bai kai 1,000 ba. In ya tsaya rawaya ko babu launi, ya wuce. Wanda hannunsa ya saba ba ya kai minti 10.

Amfaninsa a fili yake idan ka yi lissafi. Duro mai galan 55 yana cin lita 208, kimanin kilo 180 na mai. Maganin wanke birki irin mai kulorin, kusan kashi 85 cikin 100 na nauyinsa kulorin ne, don haka mililita 130 ko makamancin haka ya isa ya ɓata duro guda. Bakanike ya fesa shi a kan birki, ya tsiyaya cikin farantin tarar mai, yamma ta yi a juye farantin a duro. Ba launi, ba alama. Direba ya zura tiyo bai gwada ba, abin da ke duro ɗaya ya bazu cikin tanka, kuma doka ba ta karɓar tsarma shara da mai mai kyau a matsayin gyara. Ga wannan kaɗai kayan sun cancanci zama a kowace mota, musamman da yake hanyar gwajin tana cikin waɗanda EPA ta amince da su, mai lamba 9077.

Inda ake tafka kuskure shi ne samfuri. Maganin wanke birki mai kulorin ya fi mai nauyi, in bai gauraya ba ƙasa yake kwanciya. Wanda ya tsoma sirinji a saman duro zai ga shunayya ya yi murna, alhali matsalar tana gindi. A yi amfani da dogon bututun ɗaukar samfuri wanda ke kamo mai daga sama har ƙasa, a girgiza shi sosai, sannan a ja da sirinji. Ruwa ma abokin gaba ne: in ya yi yawa a man, shi zai cinye sodiyam ɗin kafin ya kai ga kulorin, sakamako ya fito lafiya lau a kan ƙarya. Wannan ya fi tayar mini da hankali, domin kuskure ne da ba ya nuna kansa. Man da ruwa ya mamaye, wani kayan gwajin daban kamfanin ya yi masa.

Rawaya kuma ba hukunci ba ce. Gishiri yana iya jawo ta, haka farar wuta mai yawa, haka man yankan ƙarfe irin wanda ake haɗawa da kulorin. A nan sai a bar duron inda yake, a tura samfuri ɗakin gwaji a gano ainihin sinadarin. Kayan ba sa faɗin adadi, i ko a'a kawai suke cewa. Mai son lamba sai ya nemi Q4000, wani kayan gwajin na Dexsil, wanda ke auna daga kashi 200 zuwa 4,000 cikin miliyan. Ba sa kuma ganin dalma ko kadmiyam, ba su ne abin dogaro ba wajen man taransifoma da ake zargin yana ɗauke da PCB, wani sinadari mai guba.

Sai a kula da ranar ƙarewar aiki da ke jikin kwalin, kada a bar shi yana gasuwa a gaban mota. Safar hannu da tabarau wajibi ne, sodiyam ba ya wasa da ruwa. Gilashin ƙarshe, wanda ke ɗaure zaibar kafin a yar da kwalba, shi direba mai sauri ya fi mantawa da shi, don haka a sa shi cikin takardar da ake cikewa a kowace kwasa, kusa da gurbin rubuta launin da ya fito.