Wasiƙa daga Manchesta: ba kowace shanyewar ɓarin jiki ce toshewar jijiya ba

Baffa, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a gida, ga amsar tambayar da kuka yi mini kan yadda ake karɓar wanda ɓarin jikinsa ya shanye a nan Ingila, tunda a sashen ɗaukar hoto na asibiti nake aiki.

Da zarar baki ya karkace ko hannu ya saki, lamba 999 ake kira, motar asibiti ta zo, kuma ba a tambayar kowa kuɗi kafin a kwantar da shi a na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin kai. Ba kyauta ba ce, daga harajin albashinmu ake biya, amma dai babu zagayen neman gudummawar dangi yayin da lokaci ke ƙurewa, kamar yadda muka saba gani a Kano. Gaggawar tana da dalili: allurar narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa galibi tana da amfani ne cikin awa 4 da rabi daga fara ciwon, zaro gudan ta jijiya kuwa yakan kai awa 24 ga wasu.

Sai dai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ake kawowa da wannan zato, daga baya akan gano wani ciwon ne dabam. Farfaɗiya takan bar hannu da ƙafa a sake na wasu sa'o'i, abin da likita Robert Todd ya bayyana tun 1849. Ciwon kai na ɓari ɗaya yakan harɗe harshe, haka ma faɗuwar sukari a jini.

A nan hoton gudun jini yake taimakawa. Muna sa wani ruwa mai sinadarin aidin ta jijiyar hannu, mara lafiya ya ji ɗumi ya ratsa shi, na'ura ta yi ta ɗaukar ƙwaƙwalwa na kamar minti ɗaya, sannan kwamfuta ta fitar da taswira mai launi. Idan jijiya ce ta toshe, ƙarancin jinin yana tsayawa daidai yankin da take shayarwa, kamar unguwar da aka rufe wa bututun Tamburawa. A ciwon kai kuwa ƙarancin yakan tsallaka iyakokin jijiyoyi, a lokacin farfaɗiya ma jinin ƙaruwa yake yi a wurin. Ni dai ba na ɗaukar taswirar a matsayin alƙali, domin ƙananan toshewa na can ciki sukan kuɓuce mata sai an koma wata na'urar hoton mai suna MRI, ga kuma ruwan da ke buƙatar lura ga masu ciwon ƙoda.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, kafin duk wannan, ɗan yatsa ake fara sokawa a auna sukari, da irin na'urar da ake sayarwa a kemis-kemis na Sabon Gari. Wannan kam babu abin da Ingila ta fi mu. Don haka Baffa, idan abin ya sami wani a gida, Allah ya kiyaye, a riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya, a auna sukari idan akwai abin awo, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu domin yana iya shaƙewa, a wuce da shi Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ko da a adaidaita sahu ne, kuma ko da jikin ya fara dawowa a hanya.