Irin alkama: wanne ya kamata ka saya kafin hunturu?

Mai sayar da iri da buhu yake fara magana: wai wannan ya ba wane buhu kaza a eka. Kada buhu ya ruɗe ka. Yawan amfani ya rataya ne a kan ruwa, taki, ranar shuka da sanyin shekara, rawar da gadon iri ke takawa a cikinsa kaɗan ce. Abin da alkama ke gadar wa 'ya'yanta kusan ba sauyi shi ne tsayin kara, kwanakin fitar da kai da nauyin ƙwaya. Su nake tambaya kafin in taɓa aljihu.

A nan Maradi kwanakin ne suka fi damuna. Mai shuka a Jiratawa ko bakin gulbi a tsakiyar Nuwamba yana tsere ne da zafin Maris. In zafi ya riski ƙwaya tana cika, sai ta motse, tiya ta yi sakayau. Irin da ke nuna cikin wata 3 ya fi mini mai jan lokaci, komai kyan zangarniyarsa.

Irin gida da ka ajiye da hannunka ba abin rainawa ba ne. Alkama kanta take yi wa barbara, don haka abin da ka girbe shi zai sake fitowa, muddin bai gauraya a masussuka ba. Aibinsa, in dogon kara ne, kwanciya yake yi da ya sha taki da ruwa.

Na tiyar kasuwa shi ne mai araha, shi ne kuma ya ƙona ni bara. Fage guda, wani kai ya bushe yana zuba, wani ɗanye shar, tsuntsu na ta biki a tsakani. Hatsin gari ne da funkaso, ba na shuka ba.

Ingantaccen iri gajere, kamar Norman da Reyna-28 da ake nomawa a arewacin Najeriya, ya fi tsada, amma yana ɗaukar taki bai faɗi ba, kuma tare yake nuna. Gajartar nan gado ce daga Norin 10, wani gajeren irin alkama na Japan, wanda masanin noma Norman Borlaug ya yi aiki da shi a Meziko. Mai ruwa da taki a hannu, shi zan ce ya saya. Wanda takinsa bai taka kara ya karya ba, ya riƙe na gida mai tsabta.

Ko wanne ka ɗauka, tambayi malamin gona ko ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da ke Tarna kwanakinsa, sannan ka ƙirga ƙwaya 100 ka naɗe a jiƙaƙƙen buhu. In bayan mako waɗanda suka tsiro ba su kai 85 ba, mayar wa mai sayarwa da kayansa.