Tsofaffin negatif: a wanke kai tsaye ko a bi ta sikana?

Malam, ka ce ka tarar da negatif (fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa) na hotunan iyaye cikin wata ambulan, wasu masu kala, wasu baƙi da fari, kana tambaya ko a wanke su kai tsaye a takarda, ko a fara ɗaukar su da sikana, na'urar da ke shigar da hoto cikin kwamfuta. Irin fim ɗin ne zai raba gardamar.

Wankin kai tsaye aikin ɗakin duhu ne. Ana ɗora negatif a na'urar faɗaɗa hoto, haske ya ratsa shi ya sauka kan takarda mai sinadarin azurfa, sannan takardar ta bi ta ruwan magani uku: mai fito da hoto, mai tsayar da shi, mai kafe shi. A baƙi da fari wannan hanya ba ta da na biyu, hoton yakan kai jikoki bai dushe ba, muddin an ɗauraye shi sosai. Takarda mai kauri marar rufin roba tana son kusan awa guda a ruwa mai gudu, mai rufin roba kuwa 'yan mintoci sun isa. In aka yi ganganci, ragowar maganin kafewa ce ke sa hoto ya yi rawaya daga baya. Aibin wannan hanya, duk abin da ke jikin negatif zai fito: ƙwayar ƙura ta zama farin ɗigo, karce ya zama layi, kuma duk kwafin da za a ƙara sai an sake taɓa fim ɗin.

A masu kala kuwa, sikana ce gaba. Rinin da ke cikin fim kala uku ne, kuma ba tare suke dushewa ba, shi ya sa tsohon hoto ke rinjaya zuwa ja ko kore. A kwamfuta ana gyara kowace kala daban. Dama yawancin injinan wanke hoto na yanzu sikanin suke fara yi, sai dai sukan ba da ƙaramin fayil na JPEG da bai wuce na hoto mai inci 4 da 6 ba. Don haka ka faɗi girman da kake so tun kafin a fara.

Ga lissafin. Firam ɗin fim mai milimita 35 faɗinsa milimita 24 ne, tsawonsa 36. A ɗigo 2400 kan kowane inci za ka samu fiksel kusan 2,270 da 3,400, wanda zai buga hoto mai inci 7.5 da 11 a ɗigo 300 ba tare da ya fashe ba. Kada lambar ɗigo 6400 da ke jikin kwalin sikanar tebur ta ruɗe ka, gilashinta ba ya gani har can, fayil ne kawai zai yi nauyi. Ga babban fim mai lamba 120 ta tebur ɗin ta wadatar, ga ƙarami kuwa sikanar da aka ƙera don fim ta fi kaifi. In ta tebur ce, dole tana da fitila a murfi, domin ta bayan fim ake haskawa. Ka adana asalin a fayil na TIFF mai bit 16 (nau'in da ba ya rage ingancin hoto), ka yi gyara a kwafi.

Kurakurai biyu sun fi yawa. Digital ICE, mai goge ƙura da hasken infrared, yana aiki a fim mai kala, amma a baƙi da fari yakan ɗauki azurfar hoton a matsayin datti ya dagula fuskoki, don haka ka kashe shi. Na biyu, kwantar da fim kai tsaye kan gilashi yana haifar da zobba masu kalar bakan gizo. A sa shi cikin mariƙinsa.

Kafin komai, safar hannu, riƙo ta gefe, a hure ƙura da famfon roba, ba da baki ba. Gefen da ba ya ƙyalli shi ke ɗauke da hoton. In akwai fumfuna kada ruwa ya kusance shi, domin ta riga ta ci fatar hoton, ruwa zai narkar da ita.

Wajen bugawa daga fayil, tawadar figment, wato mai garin launi, ta fi ta rini jure haske nesa ba kusa ba.

Ko wace hanya ka bi, negatif ba abin yarwa ba ne. A zuba shi cikin leda ta foliyesta ko folifirofilin, ban da PVC, a wuri mai sanyi da duhu, danshi kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Wanda ke warin tsami irin na ruwan khal ya fara ruɓewa: a ware shi, a fara sikanin da shi. Wanda aka rubuta NITRATE a gefensa, irin na kafin farkon shekarun 1950, yana kama wuta da sauri, a nisanta shi da zafi. Fayilolin kuma a yi kwafi uku, ɗaya a wani gida daban.