Gargaɗi ga masu kiwon kyanwa: ganyen katnif na bogi da tarkon "ɗinka mu saya"

Jama'a masu kyanwa a gida, ku ba ni aron hankalinku. Akwai wani mai talla a intanet da ke sayar da ƙunshin kayan haɗa wa kyanwa abin wasa: ƙullin ganyen da ya ce katnif ne, ƙyalle, auduga, dogon zare da 'yar ƙararrawa. Bidiyon tallar kuwa sai wanda ya gani, wata kyanwa ce tana ta birgima a kan ɗan matashi kamar ta zare. A ƙasa ya rubuta cewa kowace kyanwa, babba ko jaririya, za ta wuni tana wasa da shi. Na saya, an cuce ni, kyanwata kuma ta sha wuya.

Ga wanda bai san ganyen ba, katnif tsiro ne ɗan dangin na'a-na'a, masana na kiransa Nepeta cataria, asalinsa daga Turai da Asiya. A ganyensa da karansa akwai wani sinadari mai suna nefetalakton, wanda aka fara ware shi a 1941. Ta hanci yake aiki. Kyanwa ta shinshina, sai ta hau goga kumatu, ta yi birgima, ta riƙe abin da ƙafafun gaba tana harbinsa da na baya. Abin ba ya wuce minti 10 zuwa 15, daga nan ta tashi ta yi tafiyarta, kuma sai an ɗauki lokaci kafin ƙamshin ya sake kama ta. Ka ga ke nan maganar "za ta wuni tana wasa" ƙarya ce tun daga tushe. Da na san haka a lokacin, da tallar ma kaɗai ta ishe ni hujja.

Da saƙon ya iso na buɗe ledar, wani ƙamshi mai yaji ya bugi hancina, irin na man zafi. Ganyen kuma an niƙe shi lilis, ba ka iya gane siffarsa, ga maiƙo-maiƙo a jikin ledar. Na ce wataƙila haka sabo yake. Na zauna na ɗinka ɗan matashin tsaf, na ajiye mata. Ta matso, ta shinshina sau ɗaya, ta yi atishawa ta ja da baya. Ni kuma da rashin sani na ɗauka na goga mata a wuya don ta saba. Can sai ta fara lasar wurin, miyau ya dinga dalala, ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa.

Na rubuta masa. Amsar da ya ba ni ita ce dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan gargaɗin, domin nan ne wayonsa yake. Cewa ya yi ai ba kowace kyanwa katnif ke kamawa ba, abin gado ne, tawa tana cikin waɗanda ba su gada ba, don haka babu maganar mayar da kuɗi.

Abin haushin shi ne, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Kusan kyanwa ɗaya cikin uku ba ta damu da katnif ba ko kaɗan, kuma lallai gado ne. 'Yan jarirai ma ba ya kama su sai sun yi 'yan watanni. Wannan gaskiyar ce ya mayar garkuwa. Duk wanda ya yi ƙorafi sai a ɗora wa kyanwarsa laifin, shi kuma mai kyanwar ya je ya bincika ya ga haka ne, ya yi shiru. Mutumin da ya rantse a talla cewa kowace kyanwa za ta haukace a kai, shi ne kuma ya koma malamin ilimin gado da zarar kuɗi sun shiga hannunsa.

Ni dai ban yarda ba. Wata ƙawata tana shuka katnif a tukunya, ta tsinko mini 'yan ganyaye. Bayan kwana biyu, da kyanwar ta warware, na murje ɗaya na ajiye a ƙasa. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta kwanta tana birgima a kai. Ashe ta gada, ganyensa ne ba katnif ba.

Likitan dabbobin da ya duba ta ya shinshina ledar ya ce da alama busasshiyar ciyawa ce aka fesa wa man na'a-na'a mai ƙarfi don ta yi ƙamshi. A nan haɗarin yake. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wasu sinadaran da ke cikin irin waɗannan mayukan ƙamshi kamar yadda tamu ke yi, shi ya sa man na'a-na'a da man turare na yukaliftas da makamantansu ke iya zame mata guba, ko ta lasa ko ya shiga ta fata. Kyanwa kuma kullum cikin lasar jikinta take, duk abin da ya taɓa gashinta cikinta zai ƙare. Tawa Allah ya taƙaita, kaɗan ta lasa.

Likitan ya kuma ɗaga zaren nan da ƙararrawar ya girgiza kai. Harshen kyanwa yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, in zare ya shiga bakinta da wuya ta iya tofar da shi, sai dai ta ci gaba da haɗiya. Wani lokaci bakin zaren ya maƙale a ƙarƙashin harshe, sauran ya bi hanji ya tattare shi kamar mazugin wando, har ya yanka. Sau da yawa sai an yi tiyata. Wanda ya san kyanwa ba zai sa dogon zare da ƙaramar ƙararrawa a kayan wasanta ya ce a bar mata ta wuni da su ba.

Ina cikin wannan sai ga saƙo daga wata lamba daban, da hoton talla iri ɗaya. Wai sun ga ɗinkina ya yi kyau, suna neman wakilai masu ɗinkawa a gida. In biya kuɗin rajista, in sayi ƙunshi masu yawa a wurinsu, in ɗinka, su kuma su saye duka da riba. Ban taɓa tura musu hoton ɗinkin ba, to a ina suka gani? Wannan tsohuwar damfara ce da aka sauya wa riga: kin biya, kin ɓata dare kina ɗinki, in kin aika a ce aikin bai kai yadda ake so ba, ko a daina ɗaukar waya. Cinikinsu ya ƙare tun ranar da kika sayi ƙunshin. Da na tambayi inda suke sayar da waɗanda ake ɗinka musu, sai aka toshe ni.

Katnif na gaske ba ya ɓuya idan ba a niƙe shi ba. Ganyensa kore ne mai ɗan toka-toka, siffarsa kamar zuciya, gefensa da haƙora, ƙasansa da laushin gashi, karansa kuma mai kusurwa huɗu ne. Ƙamshinsa sanyi-sanyi ne, ba ya sa ido hawaye, kuma ba ya barin maiƙo a hannu. Idan busasshe ne ya koma ruwan ƙasa kamar tattaka, ya tsufa, ƙarfinsa ya tafi. Haske da iska ne ke cinye shi, don haka a rufe shi ruf a ajiye a wuri mai duhu ko a firiza.

Shi kansa abin wasan bai kai a saya masa wani ƙunshi ba. Tsohuwar safa wankakkiya, cokali ɗaya na busasshen ganye, ɗan tsumma a cusa don ya yi tudu, sai a ƙulle bakin da ƙarfi ko a ɗinke shi ɗinki biyu. Ban da maɓalli, ban da gam, ban da zare mai reto. In ya fara yagewa a jefar. Idan kuma taki kyanwar da gaske tana cikin waɗanda katnif ba ya kamawa, akwai wani tsiro da mutanen Japan ke kira matatabi, yawancin irin waɗannan sukan amsa masa.

Wanda ya riga ya sayi irin wannan ƙunshin, ya ɗauke shi daga inda kyanwa za ta kai, ya adana ledar da saƙonnin da suka yi, ya kai rahoton shafin a dandalin da ya ga tallar. In kyanwa ta fara dalalar da miyau, ko amai, ko tangaɗi, a kai ta wurin likitan dabbobi tare da ledar. In kuma aka ga zare ya leƙo ta bakinta ko ta bayanta, don Allah kada a ja.