Katin Inna daban, na ƙawa daban, na shugaban ofis daban

Wata 'yar'uwa ta kawo tambaya. Mutum uku nata ne ranar haihuwarsu ta faɗo cikin wata ɗaya: mahaifiyarta da ke Daura, ƙawarta tun ta sakandare, da shugaban sashensu a wurin aiki nan Katsina. Ta sayo kati uku, tana son ta san ko ta tsara kalmomi masu daɗi sau ɗaya ta kwafe a kowanne, in kuma bai dace ba, ina bambancin yake.

Ƙanwata, kada ki kwafa. Abin da ke tsakaninki da mutanen nan uku ba iri ɗaya ba ne, don haka abin da kowannensu ke jiran ji daga bakinki ma ba ɗaya ba ne. Inna godiya take bin ki da addu'a. Ƙawa so take ta ji ba ki manta abin da kuka ratso tare ba. Shugaba kuwa girmamawa ce tashi, a taƙaice, cikin kamun kai. Bari mu jera su gefe da gefe.

Layin farko, wato yadda za ki kira mutum, nan ake fara tuntuɓe. Inna ba a rubuta mata suna. Abin da bakinki ya saba kiranta da shi tun kina goye, Inna ne, Umma ce, Mama ce ko Hajiya, shi za ki sa. Mu da ko yarinyar da aka raɗa wa sunan uwa ba mu iya kiranta da sunan, sai mu ce Ummi, yaya za a ɗauki biro a rubuta sunan mai sunan a kan kati? In a gidanku da “ku” ake yi wa manya magana, a rubuce ma “ku” ɗin ce. Ƙawa kuwa akasin haka: cikakken sunanta na takardar makaranta zai sa katin ya yi sanyi. Ki kira ta da laƙabin da kuka sa mata a ɗakin kwana, wanda mijinta ma bai san asalinshi ba. Shi ko shugaba, da abin da ofis ke kiranshi za ki fara, Yallaɓai, Malam, Alhaji, Dakta ko Injiniya. In yana riƙe da sarauta, to a Katsina da Daura kin san sarautar ce gaba da kowane muƙami, da ita ake kiran mutum.

Sai batun shekaru, kuma a nan zan ɗan daɗe. Kafin ki rubuta wa Inna lamba, ki tambayi kanki daga ina ranar ta fito. Da yawa cikin iyayenmu ba a yi masu takardar haihuwa ba. Ranar da ke jikin katin ɗan ƙasa ko fasfon aikin hajji sau da yawa ƙiyasi ce aka yi, shi ya sa za ki ga tsofaffi da dama an rubuta masu 1 ga Janairu. Amma wannan bai nuna ba su san lokacin haihuwarsu ba, ta wata hanya suka riƙe shi. Inna za ta ce maki ranar Juma'a ce, shi ya sa ake ce mata Jummai, ko Lami in Alhamis ce, ko Azumi in cikin Ramadan aka haife ta. Za ta ce da kaka ne, ana cikin yankan gero. Za ta ce shekarar da aka naɗa Sarki Bashar a Daura ce, wato 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, ko ta ce tana da wayo aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, wato 1973. In kuma da watan Musulunci take lissafi, ta ce maki cikin watan Gani aka haife ta, to ranarta ba ta tsayawa wuri ɗaya a kalandar bature. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta bature da kimanin kwana 11, har a cikin shekara 33 a samu ratar shekara guda cur. Saboda haka ni ba na sa wa uwa lamba a kati sai in ita ta faɗe ta da bakinta. Abin da ya fi lambar daɗi shi ne ki maido mata da labarin da ta ba ki: “Allah ya maimaita mana wannan kaka, irin wadda kuka ce an haife ku cikinta.” Za ta san kin saurare ta.

Ga ƙawa, shekaru abin wasa ne tsakaninku, tun da kin san nata ta san naki. Ki rubuta a cikin katin da za ki miƙa mata hannu da hannu, amma kada ki ɗora a sitatus ɗin WhatsApp inda dangin mijinta da kishiyarta za su gani. Ga shugaba, kada ki taɓa zancen ko kusa. A yawancin aikin gwamnati shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki ita ce iyaka, don haka lissafin shekarun mutum a ofis lissafin ritayarshi ne. Ko addu'ar “Allah ya sa a gama lafiya”, da kyakkyawar niyya aka yi ta, tana iya sauka a kunnenshi kamar ana ƙirga mashi kwanaki.

Cikin saƙon fa? Na Inna ki ɗauko abu ɗaya tak da ta yi maki, ki ambace shi da sunanshi. “Na gode da duk abin da kuka yi mani” kowa na iya rubutawa. Amma in kin tuna lokacin da ta saida akuyarta ta biya maki kuɗin jarrabawa, ko zaman da ta zo ta yi maki na wankan jego, wannan naku ne ku biyu. Ga yadda zai iya kasancewa:

“Inna, barka da ganin wannan shekara. Ban manta asubar da kuke tashi ku dama mani koko kafin in tafi makaranta ba, ko da sanyin hunturu. Ba ni da abin biya. Allah ya ƙara maku lafiya, ya sauƙaƙa ciwon ƙafar nan, ya ji ƙanku kamar yadda kuka rene ni ina ƙarama. A yafe mani, a ci gaba da sa mani albarka.”

Addu'ar nan ta jin ƙai ba tawa ba ce, ita ce Allah ya koya mana mu yi wa iyaye a aya ta 24 ta Suratul Isra'i. Neman yafiya da neman albarka kuwa a katin uwa kaɗai suke da mazauni. Ki sa su a na shugaba ki ga yadda za su koma wani abu daban.

Na ƙawa ki saki jiki. Nan ne wurin tuna ranar da aka kama ku kuna jiƙa garin kwaki bayan an kashe fitila, da anko ɗin da tela ya ɓata maku ana gobe biki. Tsokana halal ce, balle in akwai wasa tsakaninku tun asali, ke Bakatsiniya ita Banufiya, ko 'yar Fulani da 'yar Barebari, ko kuma taubasai ne ku. Misali:

“Tawa, yau kin ƙara tsufa kin bar ni. Har yanzu ina bin ki bashin sabulun da kika ara muna aji uku. Ke kika kwana da ni a asibiti lokacin da kowa ya tafi gida, ban manta ba kuma ba zan manta ba. Allah ya buɗa maki kasuwar nan taki, ya bar mu tare har Aljanna.”

Sai dai akwai wurin da nake roƙon ki taka a hankali, kuma ya fi duk sauran damuna. Addu'a ma tana iya yi wa mutum ciwo. Ƙawar da ba ta yi aure ba, ko wadda ta shekara goma a ɗaki ba haihuwa, ko wadda aurenta ya mutu bara, ta sha jin “Allah ya kawo na gari” da “Allah ya kawo masu albarka” daga bakin kowa, a kowane biki da suna. Ranar haihuwarta, ranar da ita kanta take lissafin shekarun a zuci, ba ta buƙatar ki tuna mata a rubuce, a katin da ƙannenta za su ɗauka su karanta. Wannan addu'ar ki yi mata ita a sujada. A kati ki roƙa mata abin da take murna da shi, karatunta, sana'arta, lafiyarta. In kuma kina son ki haɗa duka ba tare da kin taɓa mikin ba, “Allah ya biya maki buƙatunki na alheri, na fili da na ɓoye” ta isa, ita ta san abin da kike nufi.

Na shugaba layi uku ya wadatar. Ki faɗi gaskiya ɗaya game da aikinshi wadda kin gani da idonki, ki yi addu'a, ki sa hannu:

“Yallaɓai, muna taya ka murna. Mun gode da haƙurin da kake yi wajen koya mana aiki. Allah ya ƙara lafiya da basira, ya albarkaci iyali.”

Ki lura na ce “muna”, ban ce “ina” ba. Tun da namiji ne ke kuma mace, ya fi maki kwanciyar hankali katin ya fito da sunan sashe gaba ɗaya, kowa ya sa hannu, a miƙa a gaban jama'a. Ban da kirari, ban da zancen ƙarin girma ko canjin wurin aiki da kike nema, don da zarar buƙata ta shiga, gaisuwar ta zama fadanci. In babu wani abin kirki da za ki iya faɗa a kanshi da gaskiya, ki tsaya a addu'a kawai. Abokiyar aiki da kuke teburi ɗaya tana tsakanin ƙawa da shugaba: kina iya ɗan wasa, amma kada sirrin gidanta da ta faɗa maki ya shiga katin da zai zagaya ofis.

Tsawon rai ana roƙa wa duka ukun, sai dai ki haɗa shi da wani abu. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, mafi alherin mutane shi ne wanda rayuwarshi ta yi tsawo aikinshi kuma ya yi kyau. Don haka “Allah ya ƙara shekaru masu albarka” ta fi “Allah ya ja kwana” ita kaɗai cika.

Kafin duk wannan, ki tabbata mutumin yana karɓar abin. Malamai sun yi saɓani kan murnar ranar haihuwa, kuma a gida ɗaya za ki samu mai yanka kek da wanda ko taya murnar bai so. Ƙawarki kin san ra'ayinta. Shugaba ki tambayi waɗanda suka riga ki zuwa ofis. Inna kuwa, in kin san ba ta saba ba, ki cire maganar ranar haihuwa gaba ɗaya ki bar godiyar da addu'ar, babu uwar da za ta ƙi su ko wace rana ce.

Ki kuma tuna wa zai karanta. Ƙawa da kanta za ta karanta nata. Na Inna, in ajami take karantawa ko idon ya yi rauni, jika ne zai karanta mata da ƙarfi a tsakar gida, abokan zama na ji. To ki rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe, kuma kada ki sa abin da zai sosa ran wani a gidan, irin “ku kaɗai kuka sha wahalarmu”. Turancin da aka buga a jikin katin ki bar shi inda yake, rubutun hannunki shi ne saƙon. Daura kuma ba nisa, tafiyar ba ta kai awa biyu ba daga Katsina. Zumunta a ƙafa take. In da hali ki kai da kanki, da turmin atamfa ko ɗan turare, ki karanta mata da bakinki. In babu hali, ki aika katin ki bi shi da kira, ba saƙon murya ba.

In ranar ta kuɓuce maki, nan ma sun bambanta. Ƙawa ki aika ko bayan mako ne, za ta yi maki tsiya ta karɓa. Inna ba ta ƙirga kwanakin ba tun farko, duk ranar da ya isa daidai ne. Na shugaba kuwa in ya wuce kwana biyu ki bar shi, ki ajiye katin sai baɗi.